Zogalen da ke kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa: amsa ga Yayana

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kai da iyali kuna lafiya. Na ga abin da ka rubuta a ƙarƙashin hoton da na turo. Ka ce wannan ba zogale ba ne, sanda ce aka kafa a bokiti, sannan ka ƙara da cewa mu da muka daɗe a Kanada haka muka koma, ba mu mutu ba, ba mu kuma yi reshe ba. Na san da wasa ka faɗa, amma maganar ta kwana a raina. Zan amsa a fili, domin ba kai kaɗai ke yi mana wannan kallon ba.

Hoton na watan Janairu ne. A lokacin, a nan gefen Toronto, akan wayi gari sanyi ya sauka ƙasa da sifiri da digiri 15, wani lokaci har 20, ƙasa ta daskare ta yi tauri kamar siminti. Shi kuwa zogale ɗan zafi ne. Asalinsa daga arewacin Indiya yake, wajen gindin tsaunukan Himalaya, kuma ya fi sakewa tsakanin digiri 25 zuwa 35. Da dare ya fara sauka ƙasa da digiri 10, sai ka ga ganye ya yi rawaya yana zuba. Ranar da raɓa ta daskare a kansa kuwa, da safe za ka tarar da shi ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. 'Yan'uwanmu da ke kudancin Fulorida a Amurka suna barin nasu a waje shekara da shekaru. Mu a nan wanda ya bar nasa a waje ya yi sallama da shi.

Shukar ba ta da wani wuya. A watan Maris nake jiƙa irin ya kwana cikin ruwa, in binne shi kamar zurfin gaɓar yatsa a cikin bokiti mai lita 20 da na huda gindinsa, in ajiye a wuri mai ɗumi cikin gida. Sati ɗaya zuwa biyu ya tsiro. Bokitin dole ya yi zurfi, saboda saiwar zogale ƙasa take nufa kai tsaye, tana kumbura kamar rogo, kuma ba ta son a dame ta. Ƙasar nakan cakuɗa ta da yashi sosai don kada ta riƙe ruwa. Mutanen nan ba su cika fitar da shukar da ke tsoron sanyi ba sai bayan hutun ranar Biktoriya a ƙarshen watan Mayu, mu ma haka muke bi. Ba a fitar da shi lokaci guda, rana za ta ƙona ganyen da ya saba da ɗaki. Awa biyu yau a inuwa, awa uku gobe, har kwana goma.

Da ka ga bayan gidana a watan Agusta, Yaya, da ba ka kira shi sanda ba. A watan Yuni wuninmu yana wuce awa 15, shi kuwa zogale rana yake so, sai ka ga yana tashi kamar ana jan sa. Idan ya kai gwiwa nakan tsinke kansa don ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe siriri iska ta karya shi. Kafin kaka ya fi ni tsawo. In tsinki ganye in shanya a inuwa, in cika kwalabe da za su kai mu wata bazarar, har in aika wa maƙwabta.

Inda aikin yake shi ne Oktoba. Kafin raɓa ta fara daskarewa nake datse shi ya koma kamar tsawon gwiwa, in cire sauran ganyen, yarana su saukar da bokitan ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ɗumin ke tsayawa wajen digiri 12 zuwa 15. Daga nan sai a ƙyale shi. Ruwa kofi guda a wata, wani watan ma ba na ba shi ko ɗigo idan na tura yatsa na ji danshi.

Wannan ƙyalewar ce ta fi ba ni wahalar koyo. Shekarun farko bishiya uku na kashe da hannuna, kuma da ruwa na kashe su, ba sanyi ba. Ina ganin sandar tsaye ba ganye sai tausayi ya kama ni, in ɗauko buta. Da na zazzage bokitin na ukun, saiwar ta yi laushi tana narkewa a tafin hannuna, ga wani wari mai yaji. Ba ganye, ba zafi, ba abin da zai sha ruwan, sai ya kwanta a gindi ya ruɓar da ita. Na zauna a kan matakala ina kuka, don irin daga bishiyar Inna ya fito, Allah Ya jiƙanta.

Ka san wa ta gano mini bakin zaren? Surukata, matar babban ɗana, wadda har yau in za ka ambace ta sai ka ce "Baturiyar nan". Kakarta takan tono saiwar wani fure da ake kira daliya duk kaka, ta adana a ɗakin ƙasa cikin busasshiyar ƙasa har sanyi ya wuce. Surukar tawa ce ta duƙa ta matsa gindin wanda ya saura, ta ce mini, "Mama, barci yake yi, ba ƙishirwa yake ji ba." Ita ta nuna mini in ɗan kankare ɓawon da farce. In ka ga kore a ciki, kuma gindin da tauri, to da ransa. Wannan bishiyar bana shekararta shida, kaurin gindinta ya kai damtsen hannuna.

Tunda maganar ta zo, bari in faɗa maka abin da na daɗe ina haɗiyewa. Lokacin auren, daga gida ba wanda ya tambaye ni halin yarinyar. Abin da na yi ta ji shi ne yaro ya ɓace, mun bar shi ya auri bare. A ina kuke so ya samo? A nan aka haife shi, a nan ya yi karatu, gidajen Hausawan da ke kusa da mu ba su taka kara sun karya ba. Wasu 'ya'yanmu sun auri Somaliyawa, wasu 'yan Pakistan, wasu 'yan ƙasar, wasu kuma sun koma gida sun ɗauko. A cikin kowane kashi akwai auren da ya zauna, akwai wanda ya mutu, kamar dai a wajenku. Ita wannan ta karɓi Musulunci da kanta, ba wanda ya matsa mata. Da na kwanta asibiti ita ta kwana a kujera kusa da ni dare huɗu. Hausarta tana tafiya da ɗingishi, amma ba ta taɓa shigowa gidana ba ta gaishe ni da ita ba.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da ke damuna. Jikokina suna jin Hausa amma da Turanci suke mayar mini. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba na ɗora wa uwarsu laifi, domin 'ya'yan da iyayensu duka biyu Hausawa ne ma haka suke. Muna iya ƙoƙarinmu da makarantar ƙarshen mako da hira a gida. Sai dai abin da ke sosa rai, mu zo gida da ɗoki, tun daga ƙofa a fara "ga baƙi, ga 'yan Turai", yaro ya buɗe baki ya yi kuskure ɗaya a kwashe da dariya. Daga ranar ba zai sake gwadawa ba. Kai ma ka yi wa ƙaramin haka a zuwanmu na ƙarshe, Yaya, wataƙila ba ka lura ba.

Mu koma kan zogale. Ba kowa ke bin hanyata ba. Akwai waɗanda ke barin nasu a falo da ganyensa, su kunna masa fitilar shuka awa 12 zuwa 14 kullum, tunda a Disamba wuninmu ba ya cika awa 9. Yana yiwuwa, amma hita tana busar da iskar ɗaki, sai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo su cika bayan ganyen, ka yi ta fesa ruwa kana wankewa. Wasu kuma ba sa wahalar da kansu, kowace shekara sabon iri suke shukawa, in sanyi ya zo su bar masa. Duk watan Mayu in mun haɗu, za ka ga mata da ƙananan kofuna ɗauke da tsiro ana musaya, wadda nata ya mutu ba ta komawa gida hannu rabbana. Nawa yana yin fure fari jifa-jifa, amma lokacin zafin bai kai ya yi 'ya'ya su nuna ba, shi ya sa iri yake da daraja a wajenmu.

Ka ce za ka ba wani mai tahowa reshe ya kawo mini. Na gode, amma kada ka yi. Duk abin da ya shafi tsiro sai an bayyana shi a filin jirgi, ƙasa kuwa ba a yarda a shigo da ita ba. Ban da haka, wanda aka dasa daga reshe ba ya yin saiwar nan mai kauri irin ta wanda ya fito daga iri, ita ce kuwa rumbun da yake ci daga ciki har wata shida. Na tuna yadda Inna kan karyo reshe ta soka a jikin danga ta wuce abinta, bayan sati biyu ka ga ya yi toho. Mu a nan abin da take yi da hannu ɗaya shi muke yi wa hidimar shekara.

A watan Afrilu za mu hauro da bokitan kusa da taga, in ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Jikata ta fari ce ke da aikin duba toho, kowace Asabar sai ta durƙusa ta leƙa jikin sandar. "Zogale" na cikin kalmomin da ba ta san sunansu da Turanci ba. In ya fito zan turo maka wani hoton. Kai kuma don Allah ka leƙa bayan ɗakin Inna ka gaya mini ko tsohuwar bishiyar tana nan, ko an sare ta da aka yi sabon gini.