Tambayarku, Amsarmu: Ɗana Ya Kafe Sai Kongo

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekara biyu ke nan da ɗana ya gama sakandare, kuma sau biyu yana neman gurbin karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya bai dace ba, alhali makinsa na JAMB ba laifi. Kawunsa ya ce zai biya masa jami'a mai zaman kanta, amma yaron ya kafe cewa shi sai Kongo, wato harabar jami'ar ta Zariya inda tsangayar shari'a take. Me ke cikin wannan makaranta da har zai zauna gida yana jiranta?
Daga wata uwa a Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya shirya mana zuri'a. Da farko ki kwantar da hankalinki, domin rashin samun gurbin ba ya nuna yaron ba shi da ƙoƙari. Majalisar da ke kula da ilimin lauyoyi ta ƙasa ita ce ke ƙayyade wa kowace tsangayar shari'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, saboda duk wanda ya gama shekara biyar ɗinsa na jami'a sai ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda hedikwatarta ke Bwari kusa da Abuja, reshenta mafi kusa da mu kuma yana Bagauda a jihar Kano, kafin a rantsar da shi lauya. Kujerun can a ƙidaye suke, shi ya sa ƙofar nan ta yi ƙunci.

Abin da yake hange a Kongo kuwa gaskiya ne, ba ruɗin ƙuruciya ba ne. Tun 1962 aka kafa jami'ar, kuma da wuya ki shiga wata babbar kotu a Arewa ba ki tarar da wanda ya yi karatu a can ba, ko dai a kan kujerar alƙali ko a cikin lauyoyin da ke gabansa. Yaron da ya fito daga irin wannan wuri yakan tarar da manyansa sun share masa hanya idan ya tashi neman ofishin da zai koyi aiki. Ga kuma cuɗanya: ajin da kowa ya shigo da gumin goshinsa, daga Sakkwato har Kalaba, yakan wasa ƙwaƙwalwar ɗalibi fiye da yadda malami shi kaɗai zai iya. Sannan akwai damar haɗa dokokin zamani da shari'ar Musulunci a digiri guda, wanda a ganina shi ne ya fi dacewa da ɗan Daura, tunda yawancin ƙararrakin mutanenmu, na gado da aure da rikicin gona, a kotunan shari'a ake fara su, kuma lauyan da bai san fiƙihun Malikiyya ba ɗan kallo ne a wurin. Kuɗin makarantar ma bai kama ƙafar na masu zaman kansu ba, ga shi tun 2024 ɗaliban makarantun gwamnati suna iya neman rancen NELFUND, wato asusun ba ɗalibai rancen karatu na gwamnatin tarayya.

Sai dai a faɗa masa ɗaya ɓangaren. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya cinye wata takwas cur, ga cunkoson aji da na ɗakin kwana.

Ni dai ban goyi bayan ya sake zaman shekara ta uku a bakin ƙofa ɗaya ba. Jami'ar Bayero ta Kano tana koyar da wannan haɗaɗɗen digiri, haka nan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke nan Katsina tana da tsangayar shari'a, kuma a matsayinsa na ɗan jiha ya fi kusa da samu a can. Duk inda ya fito, a Makarantar Horas da Lauyoyi za su haɗu da 'yan Kongon, jarrabawa guda za su rubuta. Idan kuwa zuciyarsa ta ƙi sakin Zariya, maimakon zaman gida ya yi IJMB, wato jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda ita jami'ar ce ke gudanar da ita, domin mai sakamako mai kyau yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye, ko da yake nan ma guraben kaɗan ne. Ku kuma duba takardarsa ta sakandare da kyau: yara da yawa rashin kiredit a Adabin Turanci ke kayar da su, su kuwa suna ta ɗora laifin a kan rashin uban gida.

Tayin kawunsa ma ba abin yarwa ba ne, amma kafin a biya ko sisi, ya je da ƙafarsa ya tambayi abu biyu: shin majalisar ta amince da tsangayar, kuma ɗalibai nawa aka ba ta izinin ɗauka? Makarantar da ta ɗebi fiye da kasonta takan bar yara riƙe da digiri suna jiran layin zuwa Bwari ko Bagauda, wani lokaci har shekaru. Idan suka yi ta kwana-kwana wajen ba da amsa, Hajiya, ku riƙe kuɗinku.