Bambancin Ma'aikatar Shari'a da Hukumar Gyaran Dokoki

Malam, ka tambaya ko Ma'aikatar Shari'a da Hukumar Gyaran Dokoki ta Najeriya abu ɗaya ne. A'a, ko da yake a inuwa guda suke.

Ma'aikatar ita ce lauyan gwamnati. Antoni Janar ke jagorantarta, kuma sashe na 150 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai wanda ya shekara 10 da zama lauya. Idan aka kai gwamnatin tarayya kotu, lauyoyinta ne za ka gani sun shigo da tulin fayil. Su ke duba yarjejeniya kafin a sa hannu, su ke tsara ƙudirin da ɓangaren zartarwa zai aika majalisa. Inda ƙarfin yake shi ne sashe na 174: Antoni Janar na iya shigar da ƙarar laifi, ya karɓe wadda wani ya shigar, ko ya janye ta kafin a yanke hukunci. A ganina, wannan iko ya yi wa ɗan siyasa yawa, tunda shi ma minista ne da shugaban ƙasa ya naɗa. Jihohi ma haka abin yake, a sashe na 211.

Ita kuwa hukumar, da aka kafa a 1979, ba ta zuwa kotu. Tsofaffin dokoki take tonowa, irin waɗanda har yau tarar da ke cikinsu ba ta sayen buhun gero, ta saurari masana, ta rubuta rahoto da daftarin gyara ta miƙa wa Antoni Janar. Shawara ce kawai, kuma idan majalisa ba ta ɗauka ba, rahoton a kabad zai kwana.