Malam in na ce a sa min kifi kaɗai a cofba, fufun ya halatta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan Aboabo ne ina sayar da kayan waya a Adum, sau biyu ko uku a shekara ina zuwa Gwanju a Chaina saro kaya, wani lokaci in bi ta Dubai, bara kuma na je wajen yayana a Hambog ta Jamus. Ni dai Malam Allah ya ɗora min son abinci, duk inda na ji an buɗe sabon waje sai na je na ɗanɗana, a gida da waje. Akwai wani cofba, wato gidan abinci, kusa da shagona, mai wajen Kirista ce, fufunta ba a magana, amma tana sa ƙafar alade a miyar, to ni sai in ce a sa min kifi ko akuya kaɗai. Abokina ya ce ba komai tunda abincin Ahlul Kitabi halal ne kuma Annabi ya ce ka yi bismilla ka ci, wai haka ma in na yi tafiya kar in wahalar da kaina. Matata kuma ta ce haram nake ci. Dan Allah wane ne da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, son abinci mai daɗi ba laifi ba ne, zuwa sabon gidan abinci ma ba laifi ba ne, ko na Musulmi ko na wanda ba Musulmi ba, wannan babu mai jayayya a kai. Amma a cikin dogon bayaninka akwai kalma ɗaya da ka faɗa ka wuce kamar ba komai ba, alhali ita ce duk tambayar. Ka ce tana sa ƙafar alade "a miyar". Wato tukunya ɗaya ce. To in tukunya ɗaya ce matarka ta fi abokinka gaskiya, wannan miya ba ta ciwuwa, ko kifi aka tsamo maka ko akuya ko ma romon zalla aka zuba a kan fufun.

Ka dubi yadda ake dafa laitsuf, miyar fufun nan, mana, kai ma ka sani, nama yana tafasa awa da awanni har kitsensa ya narke ya taso sama, gishirin da aka jiƙa ƙafar aladen da shi ya bi ruwan, kifinka kuma a ciki ya kwana yana sha. Me ka cire kenan da ka ce a cire alade? Ƙashi da fata kawai ka cire. Ranar Haibara da aka haramta naman jakin gida tukwane suna kan wuta suna tafasa, Manzon Allah (SAW) bai ce a tsame naman a sha romon ba, cewa ya yi a kifar da su a fasa, har sai da wani ya roƙa a bari su wanke tukwanen maimakon a fasa. Kuma a Risala da muka karanta tun muna yara an ce in ɓera ya mutu a cikin narkakken mai ko zuma mai ruwa zubarwa ake yi ba a ci, in daskararre ne a cire shi da abin da ke kewaye da shi. Miya kuwa ai ruwa ce. Haka hukuncin man suya da aka soya alade a ciki sannan aka jefa doyarka, haka wayar gashi da aka jera sosej ɗin alade kusa da cicinga kitse yana ɗiga a kai.

Ni kaina na taɓa gani da idona a hanyar Akra, motarmu ta tsaya wajen Nkawkaw muka shiga wani waje da yunwa, na ce wa yarinyar akuya kaɗai, ta ce to, ta tsoma ludayi ta juya ta ɗago, sai ga wani abu ja-ja mai kofato biyu ya taso ya koma. Ba ta ɓoye ba kuma ba ta yi nufin cuta ta ba, a wajenta ta cika min sharaɗi tunda ba ta sa min shi a kwano ba. Ranar burodi da ƙwai na ci. Shi ya sa tambayar da za ka riƙa yi ba "akwai alade?" ba ce, ce mata "tukunya ɗaya ce ko daban-daban?", kuma kai da kake jin Tonanci, yaren Ashanti, ka yi ta da Tonanci cikin ladabi, ba da yatsine fuska ba. Matar nan maƙwabciyarka ce a kasuwa, tana da haƙƙi a kanka, in tana da tukunyar kifi daban da ludayinta daban to ci abinka.

Yanzu maganar abokinka, a nan zan ɗan daɗe domin ba shi kaɗai ke faɗa ba, na ji ta a bakin 'yan kasuwa da yawa har da waɗanda suka yi karatu. Hadisin da yake nufi gaskiya ne yana cikin Buhari, Nana A'isha (RA) ta ce wasu sun ce ya Manzon Allah mutane suna kawo mana nama ba mu sani ba ko an ambaci sunan Allah a kai ko ba a ambata ba, ya ce ku ku ambata ku ci. Amma su waye masu kawo naman? Ita A'ishar ce ta faɗa a ƙarshen hadisin, mutane ne da ba su daɗe da barin kafirci ba, wato Musulmi ne sabbin shiga, kuma Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ce wannan a farkon Musulunci ne. Dabba ce ta halal, Musulmi ne ya yanka, abu ɗaya kawai ake shakka shi ne ko ya tuna da bismilla. Sai aka ce ku kyautata masa zato. To ina haɗin wannan da tukunyar da ka ga alade a ciki da idonka? Ina haɗinsa da kazar da ba ka san ko wuƙa ta taɓa wuyanta tana da rai ba? Bismillar da kake yi a kan kwano ladabin ci ce, ba ta zama yanka, da tana zama yanka da ba a sha wahalar koya mana inda wuƙa za ta bi a maƙogwaro ba, da kowa ya tsinci mushe ya yi bismilla ya wuce.

Sai ayar Ma'ida ta 5, abincin waɗanda aka ba Littafi halal ne a gare ku. Mun yarda ɗari bisa ɗari, Annabi (SAW) ya ci naman akuyar da Bayahudiya ta kawo masa a Haibara. Amma Ibn Abbas ya fassara "abincinsu" da yankansu, kuma ayoyi biyu kacal kafin ita, a aya ta 3 ta wannan surar, an lissafo mushe da jini da alade da wadda aka shaƙe da wadda aka buge ta mutu. In Musulmi ya shaƙe kaza ba ma ci, ta yaya in Kirista ya shaƙe za ta halatta, ya fi Musulmi matsayi kenan? Na san inda masu wannan ra'ayi suke kafa hujja, maganar Alƙali Abubakar Ibnul Arabi ce, babban malaminmu na Malikiyya da ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, inda a Ahkamul Ƙur'an ya ce Kirista in ya murɗe wuyan kaza ya dafa ana ci tunda abincinsa ne da na malamansa. Wasu manyan malaman zamani sun ɗauki wannan suka halatta naman Turai gaba ɗaya, ba na raina su kuma ban ce wanda ya bi su ya bar addini ba. Amma shi wannan Alƙalin a cikin wannan littafin dai ya sake cewa abin da suka ci ba ta hanyar yanka ba, kamar shaƙewa da fasa kai, mushe ne haram. Maganarsa biyu suna karo, ɗaya ta dace da nassin Alƙur'ani da abin da jamhur, wato mafi yawan malamai, suke kai, ɗaya ta saɓa, don me za mu zaɓi wadda ta saɓa in ba don ita ce ta dace da yunwarmu ba?

Kuma nama ba kamar sauran abinci ba ne. Shinkafa da wake da ganye asalinsu halal ne sai ka ga abin da ya ɓata su, nama kuwa sai an san ya bi ta yanka. Dubi abin da aka gaya wa Adiyyu ɗan Hatim kan farauta, in ka harbi dabba ka same ta ta faɗa ruwa ta mutu kar ka ci, domin ba ka sani ba ruwan ne ya kashe ta ko kibiyarka. Shakka kaɗai ta hana. To mayankar kaji da yawa a Turai yau da iskar gas suke kashe kajin kafin su iso wajen wuƙa, shanu kuma ana harba musu ƙarfe a goshi, wata tana da sauran rai lokacin yanka wata babu, kai da ke zaune a Hambog da faranti a gabanka ta ina za ka bambance?

Gwanju kuwa maganar abokinka ba ta ma shiga can ba sam, galibin mutanen Chaina ba Ahlul Kitabi ba ne, yankansu bai halatta ba ko da sun yanka daidai, wannan babu saɓani. Ƙari a kan haka girkinsu yana yawan amfani da man alade da giyar shinkafa ta girki, har a ganye da kifi, saboda haka "ba ni ganye kawai" ba kullum take fitar da kai ba. Amma Allah ya sauƙaƙa maka, unguwar Shawbe da 'yan Afirka suke sauka cike take da gidajen abincin Musulmi, ga masu taliyar Lanju da ake ja da hannu, yawancinsu Musulmin Chaina ne, za ka gan su da farar hula. Kalmarsu ta halal haruffa biyu ce ana faɗinta kamar "cingjan", sau da yawa a kan koren allo, ka sa wani ya nuna maka ka ɗauki hotonta a waya. A can ka gwada sabon waje kullum in ka ga dama. Dubai namansu ba matsala, ka kula da otel masu giya kawai. Jamus ka nemi Turkawa da Larabawa ka tambaya, in ba ka samu ba kifi da ƙwai da burodi ba su taɓa kashe matafiyi ba. Abincin ruwa duk halal ne a wajenmu har ƙaguwa da jatan lande.

Kar kuma ka ɗauki maganata ka zama mai waswasi a gida. A nan Kumasi sana'ar fawa galibi a hannun mutanenmu take, naman shanu da akuya da ake saya a kasuwa ana ɗaukarsa a kan yankan Musulmi, ba sai ka tsare mai waake a Asawase kana tambayarta wa ya yanka ba, wannan cin fuska ne, kuma a irin nan ne hadisin A'isha yake aiki. Abu biyu ne nake so ka sa wa ido. Kajin kolsito, wato daskararrun kaji da ake shigowa da su a katan, wasu suna da tambarin halal musamman na Barazil wasu babu, sabon gidan abinci in ka tambaya a nuna maka katan ɗin ba abin kunya ba ne. Sai naman daji, akrantiye da ake kawowa daga Atwemonom, dabbar kanta halal ce amma in a tarko ta mutu mushe ce, kuma mai cofba ba ta san yadda ta mutu ba balle kai.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma na san yana faruwa. Masu kamfani a Chaina suna gayyatar kwastoma cin dare a babban teburi mai juyawa, kwalabe suna zagayawa. Hadisin Tirmizi ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagaya giya, ko da kai Fanta kake sha. Ka riga su, ka ce kai za ka zaɓi waje ka kai su gidan Musulmi, ɗan kasuwa da ke son odarka ba zai ƙi ba. A gida ma in waje ya fi kama da mashaya da ake sayar da abinci a gefe, ka sa a ƙulle maka ka tafi da shi.

Abin da ka ci a baya ba ka san hukunci ba Allah mai gafara ne, ka yi istigfari, babu kaffara a kanka. Amma daga yau ka sani.

Sannan matarka. Ɗana, macen da ta ce maka haram kake ci ba lallai fiƙihu kaɗai ke bakinta ba, wataƙila ta gaji da dafa tuwo da miyar ayoyo yana hucewa a kula kai kana Ahodwo kana ɗaukar hoton faranti kana sawa a sitatus. Ka zauna ka lissafa sidi nawa kake kashewa a wata a cin waje ka gwada da kuɗin cefanen da kake bari da safe, ni ban san adadin ba kai ka sani. In an buɗe sabon waje mai tsafta ka ɗauke ta ku je tare ko ka riƙo mata nata, lomar da ka sa a bakin matarka ma Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kai. Kuma ka gaya mata Malam ya ce a maganar tukunya ita ce da gaskiya, da bakinka za ka faɗa mata ba tura mata wannan rubutun ba. Abokin naka kuma ka kawo min shi bayan la'asar mu buɗe Buharin tare ya karanta ƙarshen hadisin da kansa. Wallahu a'alam.