Ina da inshora amma an ce in biya kudin gwajin haihuwa

Tambaya: Salam Anti, ni daga Birnin Kebbi nake, shekara 4 da aure ko batan wata ban taba yi ba. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne muna da katin inshora, likita ya rubuta min gwajin jini da hoton bututun mahaifa amma da na je wajen biya sai aka turo min katin ta taga wai bai dauke wannan ba, wlh har kuka na yi a Keke. Haka abin yake?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar uwa, Allah Ya kawo masu albarka. Tun 2022 hukumar inshorar lafiya ta kasa, wato NHIS, ta koma NHIA, amma tsarin tura mara lafiya yana nan, asibitin da kika yi rajista shi zai tura ki, HMO dinku, wato kamfanin da ke kula da inshorarku, su bada lambar izini kafin a yi gwaji babba. In babu lambar nan ko abin da inshora ke biya sai a ce ki biya, da yawa nan ake tuntube. Ki koma teburin inshora na asibitin, ki kira HMO a gabansu, su fada miki wanne gwaji ke ciki wanne babu. Dashen kwai na IVF dai inshorar ba ta biya, wannan kam aljihu ne. Magani kuma kashi 10 kike biya.

Duk abin da kika biya ki karbi rasit ki adana.

Sannan don Allah ki lallabi maigidan a duba maniyyinsa, ya fi hoton nan sauki da arha, ke ba ki ma ambace shi ba.