Caja mai wat 65 ba za ta ƙona maka waya ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaramar cajar nan mai wat 65 za ta lalata wayarka da wat 25 kaɗai take ɗauka. Kwantar da hankalinka. Muddin cajar mai inganci ce, kuma tana bin tsarin USB Power Delivery, da ka jona sai sun fahimci juna tukuna: cajar ta bayyana matakan wutar da take da su, wayar ta zaɓi wanda ya dace da ita. Wat 65 ɗin iyakar ƙarfinta ne kawai.

Ƙanƙantarta kuwa daga sinadarin GaN ne (gallium nitride), wanda ya maye gurbin silikon a cikinta. Ba ya ɓarnar wuta sosai, zafinsa kaɗan ne.

Ni igiyar cajin ce ma ta fi damuna, don nan mutane ke sakaci. Igiyar USB-C ta gama-gari wat 60 ce iyakarta. Idan har da kwamfuta kake caji, kuma tana buƙatar fiye da haka, sai ka nemi igiya mai e-marker a ciki, wato ɗan ƙaramin chip da ke sanar da caja ƙarfin wutar da igiyar za ta iya ɗauka. Kuma don Allah kada ka riƙa caji waya tana ƙarƙashin matashi, zafi ne ke saurin kashe batir.