Ga mai tambaya kan Eldorado 1976: rumfar nan ita ce abin dubawa

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ka samu Cadillac Eldorado ta 1976 mai buɗaɗɗen sama a can jihar Ohio ta Amurka, mai ita ya ce rumfar tana ɗan sarƙewa amma ba wani abu ba ne, kana neman shawara ko ka saya. Haka aka ce da ni, kusan kalma da kalma.

Rumfar waɗannan manyan motocin na General Motors daga 1971 zuwa 1976 ba irin ta da ba ce mai aiki da man haidirolik. Injin lantarki ne a baya, yana juya wayoyin ƙarfe biyu, kowace tana tuƙa haƙoran giya na gefe guda, ƙarafan gefe kuma suna naɗewa ciki kamar almakashi. In waya ɗaya ta gaji, gefe guda zai tafi ya bar ɗaya, ƙarfen ya karkace. Tawa na kai wa wani bakanike da ya rantse ya san ta ciki da bai. Ina tsaye a gabansa rumfar ta maƙale a tsakiya, maimakon ya saki makunnin sai ya ci gaba da dannawa, ya sa yaronsa ya turo da hannu. Na ji ƙas! Gilashin baya ya tarwatse a kan kujera, kujerar fata fara da na sha wahalar wankewa, ga ƙarfen hagu ya lanƙwashe. Mutumin nan ko a jikinsa. Cewa ya yi ai dama tsohuwar mota ce, sannan ya miƙo min takardar kuɗin aiki. Har yau in na bi ta titin garejinsa raina ɓaci yake. Ban yafe ba, Allah ya isa. Motar ta kwana ta wuni a ajiye har sanyi ya shigo ya fita kafin na samu ƙarfen daga wata da aka yanka.

Saboda haka ka sa mai ita ya ɗaga ya sauke a gabanka, kai kuma ka tsaya ta baya ka ga ko gefen biyu suna tafiya tare. Ka ɗaga shimfiɗar but ka taɓa ƙasan da hannu, don ruwan da ke bin rumfa nan yake taruwa. Ohio kuwa gishiri suke zuba wa titi lokacin ƙanƙara, tsatsa ta ƙasa take fara ci.

Kada kowa ya ruɗe ka da zancen wai ita ce mai buɗaɗɗen sama ta ƙarshe da Amurka za ta ƙera, za ta yi tsada. Da wannan maganar aka sayar da guda 14,000 a shekarar, har da 200 na ƙarshe farare masu siririn layin ja da shuɗi, na bikin cikar Amurka shekara 200. Mutane suka saya suka kulle a gareji suna jiran riba, sai ga Cadillac ta dawo da mai buɗaɗɗen sama a 1984. Wasu har kotu suka je, ba su samu komai ba.

Amma fa kar ka ji na ce ka bar ta. Inji lita 8.2, tayoyin gaba ke ja, don haka ƙasan ciki shimfiɗe yake, mutum shida su zauna a sake. Tsawonta ya kusa mita shida, ka auna garejinka tukuna. Mai kuwa sha take, ba sauƙi. Gudu ba nata ba ne, ƙarfin doki 190 ne kawai a wannan jibgegen jiki, amma ka sauke rumfa bayan la'asar ka hau babban titi, ba ka jin rami ko kaɗan. Tsofaffin Turawa kan tare ni a gidan mai suna ba ni labarin ta mahaifinsu. Sunan ma tun 1953 yake, a cikin Eldorado shugaban Amurka na lokacin, Eisenhower, ya yi zagayen rantsar da shi.

Af, robar da ke tsakanin bamba da bodi, ka latsa ta da yatsa, yawanci ta bushe tana marmashewa. Ana samun sabuwa, wannan ba abin damuwa ba ne. Ka turo mana hoton but ɗin da bidiyon rumfar tana sauka kafin ka ba da ko sisi.