Wane faifan saksofon na kilasik zan fara saurara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na jima ina sauraron saksofon a kiɗan jaz, kwanan nan kuma na fara koyon busa alto, wato matsakaicin saksofon. Mai koya mini ya ce in riƙa sauraron masu busa shi a kiɗan kilasik na Turawa domin in gyara sautina. Da na shiga intanet sai na tarar da sunaye barkatai, na rasa ta inda zan kama. Da wane faifai zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Shawarar da aka ba ka ta yi daidai. Sai dai ka shirya kunnenka, don abin da za ka ji ya sha bamban da wanda ka saba. Mai busa jaz yakan bar hucin iska da ɗan gurnani su fito cikin sautinsa, da su ma ake gane shi. Mai kilasik kuwa tataccen sauti yake nema, wanda kaurinsa ɗaya ne tun daga ƙasa har sama.

Kada yawan sunayen ya razana ka, ainihin kiɗan bai kai yadda kake zato ba. Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, sai a 1846 ya yi rajistar wannan abin busa a Paris, lokacin manyan marubuta kiɗan kilasik irin su Mozart da Beethoven sun riga sun rasu. Shi ya sa kusan duk manyan ayyukan da aka rubuta masa na ƙarni na 20 ne.

Ka fara da konshato (kiɗan da mai busa ɗaya ke jagoranta, ƙungiyar makaɗa na raka shi) na Alexander Glazunov, ɗan Rasha, wanda ya rubuta a 1934, saura shekara biyu ya rasu. Bai cika kwatan awa ba, a dunƙule yake babu tsayawa, kuma kayan tsirkiya kaɗai ke raka alto ɗin, saboda haka babu abin da zai danne maka muryarsa. Kiɗa ne na dattijo, cike da kewa, mai dogayen layuka da ke tona asirin numfashin mai busa. Abin da na fi so ka yi shi ne ka saurare shi a bakin mutum biyu. Na farko Eugene Rousseau, Ba'amurke da ya yi karatu a wajen Marcel Mule a Paris, a faifansa na kamfanin Deutsche Grammophon na 1971 tare da makaɗan Paul Kuentz. Na biyu John Harle na Ingila, a faifan kamfanin EMI na 1991 tare da makaɗan Academy of St Martin in the Fields, Neville Marriner yana jagora. A kunnena sautin Rousseau ya fi taushi da kama da muryar mawaƙi, na Harle ya fi haske da kaifi. Ka kasa kunne ga inda kowannensu yake jan numfashi, da yadda yake kaɗa sauti idan ya riƙe shi, da yadda yake sauka ƙasa can ba tare da sautin ya fashe ba. Wannan kwatancen zai amfane ka fiye da tara faifai masu yawa kana jin kowanne sau ɗaya.

Wani alherin kuma, faifan biyu duk suna ɗauke da Concertino da camera na Jacques Ibert, na 1935, da Fantasia ta Villa-Lobos, ta 1948. Na Ibert kishiyar na Glazunov ne: sauri, wasa, tsalle-tsalle, da kayan kiɗa 11 kacal a bayan saksofon. Na Harle ya ƙara da Rapsodie ta Debussy, wadda wata Ba'amurkiya mai busa saksofon a Boston, Elise Hall, ta biya aka rubuta mata. Debussy ya yi ta jan ƙafa har ya rasu a 1918, Roger-Ducasse ne ya kammala tsara ta ga makaɗa.

Daga nan sai ka koma ga iyayen gidan. Mule, wanda ya koyar a makarantar kiɗa ta Paris daga 1942 zuwa 1968, shi ya kafa salon Faransa mai haske da yawan kaɗa sauti. Sigurd Raschèr, haifaffen Jamus da ya koma Amurka, ya riƙe sauti mai kauri da duhu, ya kuma hau da alto sama fiye da inda maɓallansa suka tsaya. Shi aka rubuta wa na Glazunov da na Ibert duka. Tsofaffin faifansu suna da shuu da ƙarar allura, amma ka daure, domin daga mutanen nan biyu yawancin masu busa na yau suka gangaro.

Tunda kunnen jaz gare ka, akwai biyu da za su zauna maka nan da nan. Ɗaya Creation na Branford Marsalis da makaɗan Orpheus, na 2001, mai ɗauke da ayyukan Milhaud da Ibert. Ɗayan konshaton John Adams na 2013, wanda Timothy McAllister ya busa tare da makaɗan St. Louis a faifan kamfanin Nonesuch. Idan kuma saksofon da fiyano kake so, nemi sonatar Paul Creston ta 1939, da wuya ɗalibin alto ya kauce mata.

Wajen nema, rubuta sunan marubucin kiɗan tare da na mai busa. In ka rubuta saksofon da kilasik kawai, tarin kiɗan kwantar da hankali irin na ɗakin jira za su fito maka, waɗanda na'ura ta shafe sautinsu da amo har ba ka iya jin harshe ko numfashin mai busa, alhali su kake buƙatar ji.